Bakin Ƴar Wasa: Nazarin Harshen Mace a Dandalin Teyatur na Nijar

1.0 Gabatarwa

Wasan kwaikwayon Hausa na zamani a ƙasar Nijar, wanda jama'a suka fi sani da sunan teyatur, a baki ya girma kafin takarda ta san da shi. Janet Beik, wadda ta zauna da ƙungiyoyin wasa na Nijar a farkon shekarun 1980, ta bayyana a littafinta na 1987 cewa ƴan wasa kan amince da ƙashin labari da jerin fitowa, sannan kowa ya ƙago kalmominsa a wurin gwaji da kuma gaban ƴan kallo. Wannan ya bambanta da tafarkin rubutaccen wasa na Arewacin Nijeriya, inda aka sami littattafai irin su *Zamanin Nan Namu* da *Jatau Na Kyallu* na Shu'aibu Maƙarfi, da *Uwar Gulma* na Mohammed Sada.

Bambancin yana da nauyi ga mai nazarin harshe. Inda babu rubutaccen wasa, duk abin da ƴar wasa ta furta daga rumbun harshenta ya fito: karin harshen garinsu, da karin maganar da ta ji a bakin kakarta, da habaicin da ta tsinta a bakin rijiya, da Faransancin da ta koya a lakwal. Wannan maƙala za ta bi matakan rayuwar ƴar wasa a dandali, ta duba kayan aikin da harshe ya ba ta, ta kuma bayyana dalilin da ya sa ƙwarewarta a magana kan juye ta zama abin zargi a kanta. An ɗauki yankin Gidan Rumji da Agye da Gazawa na jihar Maraɗi a matsayin madubi, saboda a nan manyan karin harshe biyu suke goga kafaɗa.

2.0 Yankin da Karin Harshensa

Gidan Rumji tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Birnin Ƙonni. A cikin gundumarta garin Tsibiri yake, mazaunin Sarkin Gobir, wanda Gobirawa suka kafa a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ita kuwa Maraɗi, zuriyar sarakunan Katsina da suka baro birninsu a lokacin jihadi ne suka mayar da ita cibiyarsu a farkon ƙarni na 19. Agye da Gazawa suna gabas, a kan hanyar Tasawa, kuma sai a 2011 aka yanke Gazawa daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Saboda wannan tarihi, tafiya kaɗan ce tsakanin kunnen da ya saba da Gobiranci da wanda ya saba da Katsinanci.

Gobiranci yana cikin rukunin karin harshen yamma, tare da Sakkwatanci da Adaranci da Arewanci. Ga wasu siffofin wannan rukuni da kunne ke saurin kamawa a dandali:

a) Sautin *f* kan zama *hw* a gaban *a*, ya zama *h* a gaban sauran wasula: fari ya koma hwari, tafi ya koma tahi, fuska ta koma huska.

b) Ana riƙe tsohon baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa, inda Kananci ya mayar da shi *u* bisa sauyin da ake kira dokar Klingenheben: zamna a maimakon zauna, sabka a maimakon sauka, amre ko arme a maimakon aure.

c) Mahaɗin nasaba na mace kan nashe da baƙin da ke biye: rigar Binta ta zama rigab Binta, matar sarki ta zama matas sarki.

d) Dirka ita ce *na* da *ta* a maimakon *ne* da *ce*.

e) A shuɗaɗɗen lokaci na biyu ana cewa munka, kunka, sunka, anka, a tilo kuma ana ninka baƙin farko na aikatau: yaz zo, tat tahi.

Jimlar da Bakano zai faɗa da cewa, "Da ta tafi gidansa, sai ta zauna, ta gaya masa," a bakin Bagobira tana iya fitowa kamar haka: "Da tat tahi gidanai, sai taz zamna, tag gaya mai." Katsinancin Maraɗi kuwa yana tsaka-tsaki. Ya yi tarayya da yamma a wasu siffofi, kamar amfani da *ma* a gaban suna inda Kananci ke cewa *wa*, ya kuma yi tarayya da gabas a wasu. Yarinyar da ta tashi a wannan yanki takan girma da kunne biyu, kuma wannan shi ne jarinta na farko in ta hau dandali.

3.0 Matakan Rayuwar Ƴar Wasa

3.1 Kafin teyatur

Mace Bahausa ba teyatur ne ya fara koya mata kwaikwayo ba. A wasannin tashe na watan azumi, ƴan mata kan yi wasan Mairama da Daudu, inda ɗaya take shigar ango, ɗaya ta zama amarya, a kwaikwayi zaman aure da ladubbansa. A fadojin sarakuna an san wasan gauta, inda matan gidan sarauta suke kwaikwayon sarki da fadawansa. A ƙasar Damagaram akwai wasan kara, wanda matasa ke kwaikwayon masu mulki da kayan da aka ƙera da karan dawa ko na gero. A Tsibiri akwai sarautar Inna, a Maraɗi akwai ta Iya, dukkansu mata ne daga gidan sarauta masu iko a kan al'amuran mata da na bori. Ashe ke nan fitowar mace gaban jama'a da murya mai ƙarfi tsohon abu ne a wannan ƙasa. Sai dai kowane ɗaya daga waɗannan wasanni yana da katangar da ke kare mai yin sa: ko ƙuruciya, ko lokaci na musamman, ko sarauta. Yarinyar da ta yi shigar ango a tashe ba wanda zai bi ta da sunan bayan salla.

3.2 Zamanin samariya

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da tsohon tsarin samariya, ta mayar da shi ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya. Daga 1976 aka riƙa shirya bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagayawa tsakanin manyan biranen jihohi, ana gasa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Gasar takan faro daga ƙasa, a tace ƙungiyoyi a matakin gunduma, sannan a matakin jiha, kafin a je na ƙasa. Ta wannan tsani yarinya daga Gidan Rumji ko Agye take iya samun kanta a gaban dubban mutane a wani birni da ba ta taɓa zuwa ba. Jigogin wasannin sun fi karkata ga abin da hukuma ke son a ji: auren dole, tsadar aure, ci-rani, cin hanci, sa yara makaranta, zuwa asibiti. Rediyon ƙasa, da kuma Télé Sahel daga ƙarshen shekarun 1970, sun kai muryoyin ƴan wasa cikin gidaje, har ƙungiyar gidan rediyon Damagaram da ta Yazi Dogo suka zama sanannu a duk inda ake jin Hausa a ƙasar.

Rayuwar Habsu Garba misali ce ta wannan mataki. A cikin samariyar Yamai ta fito, ta haɗa waƙa da rawa da gajerun wasannin kwaikwayo, daga baya ta jagoranci ƙungiyarta mai suna Annashuwa, ta kuma yi aikin gabatar da shiri a rediyo. Ousseina Alidou ta ware mata babi guda a littafinta na 2005 game da matan Musulmi na Nijar. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda irin wannan mace take rayuwa a mahaɗar harsuna: Hausa da Zabarmanci a bakin jama'ar Yamai, Faransanci a ofis, Larabci a fagen addini. Kowane ɗaya yana buɗe mata wata ƙofa, kuma kowace ƙofa tana da masu gadinta.

3.3 Bayan samariya

Kunce ya rasu a 1987. Da taron ƙasa na 1991 da shigowar jam'iyyu barkatai, tsarin samariya ya rasa gatan hukuma. Ƴan wasa suka watsu zuwa gidajen rediyo masu zaman kansu da suka fara buɗewa a shekarun 1990, da wasannin wayar da kai na ƙungiyoyin agaji, da tarukan siyasa. A daidai wannan lokaci finafinan bidiyo na Kano suka kunno kai, tun daga *Turmin Danya* na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, suka mamaye kasuwar Maraɗi da kewayenta. Wannan ya ɗaga darajar Kananci a kunnen matasa. Mai son suna daga Maraɗi sai ta dubi kudu, kamar yadda mawaƙiya Fati Nijar ta yi. A matakin farko ƴar wasa ta yi amfani da harshen gida, a na biyu ta koyi harshen da duk ƙasa za ta fahimta, a na uku kuma kasuwa ta buƙaci ta goge alamun garinsu daga bakinta.

4.0 Kayan Aikin Ƴar Wasa

4.1 Jinsi a wakilin suna

Hausa tana bambanta jinsi a mutum na biyu tilo: kai da ke, ka da ki, naka da naki. Faransanci ba ya yin haka a *tu*. Sakamakon wannan a dandali shi ne ba a iya yi wa mutum magana kai tsaye ba tare da an ayyana jinsinsa ba. Ƴar wasa mai basira takan mayar da wannan tilas ya zama makami. Ga wata ƴar fitowa da aka tsara domin wannan darasi, tsakanin uwargida Bagobira da amarya ƴar birni:

Uwargida (tana shara, idonta a kan kaza): Ke kazag ga, ci sannu. Hatsin da kit tarar, ba ke kid daka shi ba.

Amarya: Yaya, da ni kike?

Uwargida: Ni da kaza nika magana.

Kaza sunan mace ne a nahawu, saboda haka *ke* da *kit* da *kid* sun dace da tsuntsuwar, sun kuma dace da amarya. Da zakara ne a tsakar gidan, da dole uwargida ta ce *kai*, kuma nan take kibiyar za ta bar amarya ta nufi maigida. Zaɓen dabbar ke nan zaɓe ne na nahawu, kuma ƴar wasar da ke ƙagen magana nan take sai ta yi wannan lissafi cikin ƙiftawar ido.

4.2 Habaici da gugar zana

Fitowar da ke sama tana nuna ginin habaici. Akwai wadda aka fuskanta da magana, wato kaza. Akwai wadda ake nufi, wato amarya. Akwai kuma masu saurare, wato ƴan kallo. Ƙarfin habaici yana cikin damar musu da yake bai wa mai yin sa. Da amarya ta tambaya, ta riga ta faɗa tarko, domin kowane ɗan kallo zai tuna cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ƴar wasar ba ta bukatar furta karin maganar. Ƴan kallo ne za su ƙarasa mata, wani lokaci da babbar murya.

Hausa tana da tarin karin magana da aka gina a kan kishi, irin su "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu." Ƴar wasa takan jefa rabin farko kawai, ta bar sauran a iska. Mai nazarin da ya rubuta abin da ya ji kaɗai zai sami guntuwar jimla marar ma'ana, alhali a wurin dariyar ta fashe ne saboda abin da ba a faɗa ba.

4.3 Kunya da sakaya suna

A al'adar Hausa mace ba ta kiran sunan mijinta, ko na surukanta, ko na ɗanta na fari. Takan ce maigida, ko malam, ko Alhaji, ko ta tsaya a kan *shi*. A dandali wannan ƙa'ida ma'auni ce da ake gane hali da ita. Matar da ta ce, "Malam ya fita," ta sanar da ƴan kallo tarbiyyarta da kalma guda. Wadda kuwa ta kwaɗa wa mijinta kira da sunansa na yanka a gaban uwarsa, ta gama bayyana kanta tun kafin labari ya yi nisa, kuma salati da tsakin ƴan kallo ne shaida. Haka nan kiran kishiya da "Yaya" yana iya zama ladabi, yana kuma iya zama tuni da cewa shekaru sun ja, gwargwadon yadda aka ja wasalin da yadda aka karya wuya.

4.4 Karin harshe a matsayin sutura

Yadda ake sa wa ɗan wasa rawani don a gane basarake ne, haka ake sa masa karin harshe don a gane daga ina ya fito. Tsohuwar ƙauye takan cika bakinta da *hw* da *sunka* da *ta*, ƴar birni kuma ta sassauta su. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne darajar kari ba tsayayyiya ba ce. Gobirancin da zai ba da dariya a gaban ƴan kallon Kano a matsayin maganar baƙauye, a Tsibiri shi ne harshen fada, kuma mai kwaikwayon Kananci ce za a yi wa dariya a matsayin mai iyayi. Ƴar wasar da ke yawo da ƙungiya daga gari zuwa gari dole ta riƙa auna wannan sikeli a kowane dare.

4.5 Aro da surkin Faransanci

Wajibi ne a raba abu biyu. Akwai kalmomin aro da suka riga suka zama Hausar Nijar: lakwal daga *l'école*, mushe daga *monsieur* da ma'anar malamin makaranta, lanho daga *l'impôt*, jandarma, biro, da ita kanta kalmar teyatur. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana amfani da su, kuma ba sa nuna komai game da matsayinta. Akwai kuma surki, inda mai magana ke tsoma jimlar Faransanci sukutum a tsakiyar Hausa. Wannan shi ne tambarin ma'aikaciya ko ƴar lakwal a dandali, kuma sau da yawa da shi ake zana girman kai. Hatta lissafin kuɗi yana raba mutane: mai tallar fura za ta ce dala ashirin, madam kuma ta faɗi tamma ɗari da Faransanci, alhali kuɗin ɗaya ne, tun da dala guda tamma biyar ce.

4.6 Abin da alƙalami ba ya kamawa

Guɗa, da shewa, da tsaki, da tafa hannu, da riƙe haɓa, da murguɗa baki, da kalmomin motsin rai irin su "ahaf" da "wayyo ni ƴasu" da "na shiga uku," duk suna cikin abin da Bahaushe ke ji a matsayin maganar mata. Tsaki guda yana iya zama cikakkiyar amsa ga doguwar tambaya. Bugu da ƙari, rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ga shi kuwa a nan ne rabin gwanintar ƴar wasa take.

5.0 Wa Ke Magana?

Masanin zamantakewa Erving Goffman, a littafinsa na 1981, ya rarraba abin da ake kira "mai magana" gida uku: mai furtawa, wanda sautin ke fita daga bakinsa, mai tsarawa, wanda ya zaɓi kalmomin, da mai alhaki, wanda maganar ke wakiltar matsayinsa. A hirar yau da kullum mutum guda ne ke riƙe da ukun. Sanƙira ko maroƙi mai isar da saƙon sarki mai furtawa ne, wani lokaci har da tsarawa, amma kowa ya san alhakin na sarki ne.

A rubutaccen wasa ƴar wasa mai furtawa ce kawai. In aka zarge ta da baƙar magana, tana da mafaka: marubuci ne ya rubuta. A teyatur wannan mafaka ta rushe, domin ita ce ta furta, ita ce kuma ta tsara. Da biyu daga cikin ukun suka taru a kanta, sai ɗan kallo ya ɗora mata na ukun. Hujjarsa mai sauƙi ce: in ba halinta ba ne, a ina ta iya? Gwargwadon yadda habaicinta ya yi kaifi, gwargwadon yadda hujjar ke ƙara ƙarfi. Ɗan wasa namiji ma yana fuskantar wannan, har a riƙa kiransa da sunan wasa a kasuwa, sai dai kuɗin da yake biya bai kai nata ba, saboda ba a auna aurensa da kaifin bakinsa kamar yadda ake auna nata.

Rayuwar Zalika Sule ta nuna tsadar wannan ruɗani, ko da yake a fim ta yi suna. Ta fito a fim ɗin Mustafa Alhasan na 1966, *Le Retour d'un aventurier*, sannan a finafinan Umaru Ganda, ciki har da *Le Wazzou polygame* wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Sau da yawa rawar muguwar mace ko mai zaman kanta aka ba ta, kuma jama'a da dama sun ɗauki rawar a matsayin halinta, suka bi ta da zagi da ƙyama. Rahmatu Keita ta tattara labarinta a fim ɗin *Al'lèèssi*, wanda ya nuna yadda tauraruwar ta ƙare cikin ƙuncin rayuwa, har ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021.

Akwai wani dalili kuma da ya shafi yadda al'umma ta ɗauki furuci. J. L. Austin, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa wasu kalmomi aiki suke yi da kansu, kamar alkawari da rantsuwa, amma ya ce in ɗan wasa ya furta su a dandali fanko ne. Ɗan kallon Maraɗi bai tashi da wannan tabbaci ba. Ya tashi ne a inda fiƙihu ya koyar da cewa aure da saki ba sa karɓar wasa, a inda ake tsoron bakin uwa, a inda ake cewa magana zarar bunu ce. Ga irin wannan kunne, la'anar da uwa ta yi wa ɗa a cikin wasa ba ta rasa nauyi gaba ɗaya, kuma matar da ta nemi saki da babbar murya a gaban jama'a ta faɗi abin da aka ji.

Ga wannan sai a ƙara matsayin fitar mace a yankin. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 game da aure a Maraɗi, ta bibiyi yadda kulle ya yaɗu a cikin ƙarni na 20, da yadda matsayin matar aure ya zama ma'aunin mutunci. Tarzomar da ta ɓarke a Yamai da Maraɗi a Nuwamban 2000, sakamakon adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, ta nuna zafin da batun bayyanar mace a bainar jama'a ke iya ɗauka. Ba abin mamaki ba ne ke nan a ga aure ya zama iyakar rayuwar dandali ga mata da yawa. Rediyo ya sassauta matsalar ta wani gefe, tun da murya ce ke fita, jiki yana ɓoye, amma muryar da aka sani a kowane gida ba ta da wurin ɓuya.

6.0 Yadda Ya Kamata a Rubuta Maganar Dandali

Ɗalibin da ya ɗauki wasa a na'ura yana fuskantar jarraba guda: ya mayar da duk abin da ya ji zuwa daidaitacciyar Hausa. In ya yi haka, *tat tahi* za ta koma *ta tafi*, uwargida da amarya su zama masu baki ɗaya, kuma abin da ya je nema ya salwanta a hannunsa. Ana ba da shawarar a bi waɗannan matakai:

1. A rubuta kowace magana a layi uku. Na farko ya ɗauki furucin yadda ya fito, da alamun karin sauti da tsawon wasali. Na biyu ya kawo shi da daidaitacciyar Hausa. Na uku ya bayyana motsin jiki, da inda ido ya kalla, da amsar ƴan kallo.

2. A ɗauki wasa guda a dare biyu ko uku, a garuruwa dabam-dabam in da hali. Abin da bai sauya ba shi ne ƙashin da ƙungiya ta amince da shi. Abin da ya sauya shi ne aikin ƴar wasar. Babu wata hanya da ta fi wannan sauƙi wajen gane iyakar tsarawarta.

3. A yi hira da ita a gida, a kwatanta Hausarta ta hira da ta dandali. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce shaidar cewa rawa dabam, mai rawa dabam.

4. A kunna mata abin da aka ɗauka, a tambaye ta dalilin zaɓen kalma kaza. Amsarta bayani ne na mai sana'a, ya kamata a rubuta shi da daraja irin wadda ake ba bayanin mawaƙi ko maƙeri.

5. A nemi izininta, a kuma sakaya sunanta in ta bukata. Matar da ta bar dandali shekara arba'in da suka wuce tana iya kasancewa da surukai da jikokin da ba su san ta taɓa hawa ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƴar wasan teyatur mai tsara magana ce, kuma jinsin nahawu da habaici da sakaya suna da karin harshe da surki su ne kayan aikinta. Ta kuma nuna cewa haɗuwar furtawa da tsarawa a bakin mutum guda ita ce ke sa a ɗora mata alhakin rawar da ta taka.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Wannan mataki zai tilasta tambayar wace Hausa ce za ta shiga littattafan makaranta da ƙamus, kuma amsar za ta dogara ne a kan abin da aka adana. Yarinyar da ta hau dandalin samariya tana da shekara 18 a 1980, yau ta haura 60. Irinta suna nan a Gidan Rumji da Tsibiri da Agye da Gazawa, da wasanninsu a ka, ba a takarda ba. Ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa su ne suka fi kowa sanin ƙofar da za a yi sallama, da irin gaisuwar da za ta sa a ce musu su shigo.